Ranar Da Rajistar CBT Ta Yi Ƙarya: Me Ya Sa Ake Goge Ta A Buɗe Sabuwa?

Idan aka ce CBT a garin nan, abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne jarrabawar JAMB, yara sun yi layi tun da sassafe a ƙofar cibiyar kwamfuta, kowa da takardarsa a hannu. To, ajiye wannan a gefe. Akwai wata CBT ɗin daban wadda ba a ganinta, ba a kuma jin labarinta sai ranar da ta ba da matsala. Ita wannan 'yar ƙaramar rajista ce da ke zaune a cikin manyan kwamfutocin ofisoshi, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta rubuta wuraren da suka canja a kan faifan ajiya tun daga kwafin da aka yi na ƙarshe. Haruffan ukun taƙaita sunanta ne na Turanci, ma'anarsa kuwa bin sawun bulon da ya canja. A nan za mu riƙa ce mata rajistar canji.

Ka ƙaddara kai ne mai kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a Barnawa. Katin marasa lafiya, sakamakon gwaje-gwaje, lissafin kantin magani, albashin ma'aikata, duk suna cikin saba guda ɗaya da ke wani ɗan ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Kowane dare manhaja tana yin ajiyar ko-ta-kwana, wato abin da ku ma'aikatan fannin kuke kira bakof. Kowace safiya kana buɗe imel ka ga koriyar alama, an yi lafiya. Wata shida kenan ba ka taɓa ganin ja ba. Ran nan faifan sabar ya mutu. Ba ka ko ɗaga hankalinka ba, ai akwai ajiya. Ka dawo da kwafin daren jiya, ka kunna, sai rumbun bayanan marasa lafiya ya ƙi buɗewa. Ka koma na shekaranjiya, haka. Na makon jiya, haka. Likita yana tsaye a kanka, ga layin mutane har bakin titi.

Yaya aka yi manhajar da ta yi wata shida tana ce maka lafiya lau ta miƙo maka buhun da ƙasansa ya yage? Ɗaya daga cikin hanyoyin da hakan ke faruwa ita ce rajistar nan. Bari mu bi ta a hankali.

Gidan haya a cikin kwamfuta

A da, kowane aiki da kwamfutarsa. Ta lissafi daban, ta imel daban, ta rumbun bayanai daban. Yanzu ofisoshi da yawa saba ɗaya mai ƙarfi suke saye, su rarraba ta. Ka san irin gidajen hayar Kakuri ko Unguwar Television, ƙofar shiga ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, amma ɗaki goma, kowa da kwaɗonsa? Haka abin yake. Sabar ita ce gidan. A cikinta akwai kwamfutoci da yawa waɗanda manhaja ce zalla, ba su da gangar jikin da za ka taɓa, amma kowacce tana da Windows ko Linux ɗinta, tana kuma ganin kamar ita kaɗai ce a gidan. Masu sana'ar suna ce musu VM, mu kuma za mu ce musu 'yan haya. Manhajar da ke raba musu wuta da ruwa, wato ƙarfin sarrafawa da ƙwaƙwalwa da wurin ajiya, ita ce mai gida.

Mafi shahara a cikin masu gidan nan ita ce ESXi ta kamfanin VMware, wanda aka kafa a Amurka a 1998, kuma Broadcom ya saye shi a Nuwamba 2023. Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne, faifan kowace 'yar haya fayil ne guda ƙato mai ƙarewa da .vmdk. Duk abin da 'yar haya za ta rubuta a faifanta sai ya bi ta hannun mai gida. Saboda haka mai gida yana iya sanin inda aka taɓa da inda ba a taɓa ba. Daga nan dabarar rajistar ta samo asali.

Allon akawun sito

Waɗanda suka taso a tsallaken kogi sun san lokacin da Kakuri take Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, jiniya na kaɗawa, dubban ma'aikata na sauya aiki dare da rana. Ka hango sito irin na waɗannan masaƙu, an jera dilolin yadi layi dubu, kowane layi da lambarsa. Manaja yana son kowace safiya ya san ainihin abin da ke ciki.

Hanya ta farko ita ce mai ƙidaya ya shiga da dare ya ƙirga layi dubun nan kaf. Ba zai yi kuskure ba, amma gari zai waye bai gama ba. Hanya ta biyu, a rataye allo a bakin ƙofa, a sa akawu ya zauna da alli. Duk wanda ya ɗauki dila ko ya ajiye, akawu ya sa alama a lambar layin. Bai damu da mene ne aka ɗauka ba, ko guda nawa, shi dai ya nuna an taɓa layi na 14, an taɓa na 302. Da dare mai ƙidaya ya duba allo, ya je layukan da ke da alama kawai, sauran kuma ya kwafe lissafin jiya. Aikin kwana ya koma na rabin awa.

Rajistar canji ita ce allon nan. Mai gida yana kallon faifai a matsayin bulo-bulo masu lamba, duk bulon da aka yi rubutu a kansa sai ya sa masa alama. VMware ta shigo da wannan tsari a vSphere 4.0 a shekarar 2009. Allon kansa wani ɗan fayil ne da ke zaune kusa da faifan, sunansa yana ƙarewa da -ctk.vmdk. Ba shi da girma, wajen rabin megabait ne ga kowane gigabait 10, wato faifan gigabait 100 rajistarsa 'yan megabait ne kawai. Ana kunna shi da saiti biyu: ctkEnabled na 'yar hayar gaba ɗaya, da kuma irin su scsi0:0.ctkEnabled na kowane faifai.

Ga yadda dare ɗaya yake tafiya. Manhajar ajiya, a ce Veeam ko Commvault ko NetBackup, tana roƙon mai gida ya ɗauki hoton faifan, abin da ake kira sinafshot. Ma'anarsa a daskarar da faifan yadda yake a wannan daƙiƙa, duk sabon rubutu a karkata shi zuwa wani fayil na gefe. Sai manhajar ta miƙa wata lamba da aka ba ta daren jiya, kamar rasit, ta ce, “Daga wannan rasit zuwa yanzu, ina da ina aka taɓa?” Mai gida ya duba rajista ya ba ta jerin bulo. Ta kwashi waɗannan kaɗai, ta karɓi sabon rasit. Daga nan a narkar da hoton, a mayar da rubutun gefe cikin ainihin faifai.

Ribar ba ƙarama ba ce. Mu yi lissafi da faifai mai gigabait 500 wanda kashi biyu cikin ɗari ne ke canjawa a rana, wato gigabait 10. Idan layin da ke tsakanin sabar da ma'ajiyar yana ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa, kwashe faifan duka zai ci sama da awa 11, amma gigabait 10 ɗin nan minti 13 ne da ɗan ɗoriya. Idan kuwa ta intanet kake turawa zuwa wani gari a kan megabit 20, cikakken kwafi zai kai awa 55, fiye da kwana biyu, na canji kuma awa ɗaya da 'yan mintuna. Ga wanda ke sayen dizal yana kuma biyan kuɗin data, ka ga ai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai ka lura da abin da aka yi cinikinsa. Mai ƙidaya ya daina duba layi dubu da idonsa, ya koma yarda da allo. Ranar da aka ɗauki dila daga layi na 77 akawu bai sa alama ba, lissafin gobe zai fito tsaf, babu gyara babu gogewa, amma ba daidai ba ne. Na jibi kuma a kan na gobe za a ɗora shi. Kuskuren zai yi ta tafiya har sai ranar da aka sake taɓa layin aka sa masa alama, ko ranar da wani ya shiga ya ƙirga komai.

Rajista iri biyu ce ke lalacewa

Akwai lalacewar da ke faɗin kanta, akwai mai shiru. Bambancinsu shi ne zuciyar wannan bayani.

Ta farko ita muka fi sani a nan, domin wuta ce ke jawo ta. VMware da kanta ta bayyana cewa ɗaukewar wuta ko kashe saba da ƙarfi alhali 'yan haya na aiki na iya sa rajista ta rasa lissafinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wani ɓangare na alamomin yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, bai riga ya sauka kan faifai ba, wuta na tafiya ya tafi. Kowa ya san 'yan daƙiƙun nan tsakanin ɗaukewar NEPA da tashin janareta. Idan batirin UPS ya tsufa, a nan sabar ke faɗuwa. A ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako cikin duhu. A irin wannan lokaci janareta da inbata ne ke ɗauke da komai, kuma duk sauyi daga wannan zuwa wancan dama ce ta faɗuwa.

Alherin wannan irin shi ne, yawanci mai gida yana gane cewa ba a rufe rajista yadda ya kamata ba. Da manhajar ajiya ta kawo rasit ɗin jiya sai ya ce bai san shi ba. Za ka ga gargaɗi mai ruwan ɗorawa cewa bayanan CBT ba su inganta ba, manhajar kuma ta koma karanta faifan gaba ɗaya. Aikin minti 15 ya koma na awanni, amma abin da aka ajiye daidai ne. Akawu ne ya fito ya ce, “Ranka ya daɗe, ruwa ya wanke allo.” Haushi ne, ba asara ba. Wani lokaci abin na warwarewa da kansa washegari. Idan gargaɗin ya ƙi tafiya dare bayan dare, to rajistar ta maƙale, sai an sake ta da hannu.

Ta biyu ita ce mai ban tsoro, kuma ta taɓa faruwa a idon duniya har sau biyu a jere. A ƙarshen 2014 aka gano cewa idan aka ƙara girman faifan da rajistarsa ke kunne har ya tsallake gigabait 128, ko 256, ko 512, da sauran ninkinsu, mai gida na iya ba da jerin bulo da ba cikakke ba. Ka yi tunanin an faɗaɗa sito an ƙara layuka, amma allon bakin ƙofa yana nan da tsoffin lambobinsa. Matsalar ta shafi ESXi na jerin 4 da na 5, wato ta daɗe a kwance kafin a farga. Ƙara girman faifai kuwa abu ne da mai kula da saba ke yi cikin minti ɗaya idan wuri ya cika, ba tare da ya kawo komai a ransa ba.

Shekara guda bayan haka, a Nuwamba 2015, aka sake gano wata a ESXi 6.0. A wannan karon, rubutun da 'yar haya ta yi a daidai lokacin da ake narkar da hoto yana iya wucewa ba a sa masa alama ba. Ka tuna kowane dare ana ɗaukar hoto ana narkarwa, ka ga kenan aikin ajiyar da kansa ne ke buɗe ƙofar kuskuren. VMware ta fitar da faci a cikin watan. A duka biyun, manhajar ajiya ba ta da hanyar sanin an ba ta jerin ƙarya. Ta tambaya, an ba ta amsa, ta kwafa, ta nuna kore.

Akwai kuma abin da hannunka ke jawowa. Idan ka mayar da 'yar haya baya zuwa wani tsohon hoto, faifan ya koma yadda yake a makon jiya, rasit ɗin da ke hannun manhajar ajiya kuwa na daren jiya ne. Lissafin biyu sun rabu. Bayan irin wannan, kada ka yarda da kwafin canji sai ka yi cikakke.

Me ya sa ɓacewar bulo kaɗan ke rusa komai? Domin rumbun bayanai kamar littafi ne mai fihirisa, wannan shafi yana nuni zuwa wancan. Idan shafi 999 na yau ne, guda ɗaya kuma na watan jiya, fihirisa za ta nuna wurin da babu abin da ta ce akwai. Wani lokaci rumbun ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Wani lokaci ya buɗe, amma wasu bayanan sun cakuɗe, wanda a asibiti ko banki ya fi ƙin buɗewar muni.

Yadda ake sake rajista

Ba a gyara rajistar da aka daina yarda da ita. Ba ka san layin da akawu ya tsallake ba, balle ka cike masa. Abin da ake yi shi ne a goge allon tas, a shiga a ƙirga sito duka, a fara sabon lissafi daga nan. Hanya biyu ce.

Ta farko tana buƙatar kashe 'yar hayar, don haka sai ka nemi lokacin da ba a aiki, kamar daren Asabar.

1. Ka tabbata babu aikin ajiya da ke gudana, kuma babu wani hoto da ya rage a kan 'yar hayar. Idan akwai, ka narkar da shi tukuna. Wannan sharaɗi ne, kada ka tsallake shi.

2. Ka kashe 'yar hayar ta hanyar da ta dace, daga cikin Windows ko Linux ɗinta.

3. Ka shiga saitunanta na ciki, ka mayar da ctkEnabled zuwa FALSE. Ka yi haka ga kowane faifai, scsi0:0 da scsi0:1 har ƙarshensu.

4. Ka buɗe jakar fayilolinta a ma'ajiyar sabar, ka goge duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da -ctk.vmdk. A nan fa ka buɗe ido. Kusa da shi akwai wanda ya ƙare da .vmdk kawai, da kuma mai -flat.vmdk. Waɗannan su ne ainihin faifan. Ka goge su, ka goge asibitin. Ka karanta sunan sau biyu kafin ka danna. Idan 'yar hayar tana da faifai a wata ma'ajiyar daban, can ma akwai nasa fayil ɗin.

5. Ka kunna ta. Manhajoji irin su Veeam suna sake kunna rajistar da kansu a aiki na gaba. Idan taka ba ta yi, sai ka sake kashewa ka mayar da saitunan zuwa TRUE.

6. Ka yi cikakken kwafi sabo, wanda aka karanta daga sabar kai tsaye.

Hanya ta biyu ba sai an kashe komai ba, ita ce ta wuraren da ba a rufewa. Ana amfani da PowerCLI, wato hanyar ba VMware umarni a rubuce. Ka ba da umarnin kashe rajista, ka ɗauki hoto, ka goge shi nan take. Ka ba da umarnin kunnawa, ka sake ɗaukar hoto ka goge. Za ka ce mene ne na ɗaukar hoton da za a goge? Dalili shi ne canjin saitin ba ya kama aiki sai an ɗan dakatar da 'yar hayar, an rufe faifanta an sake buɗewa, kuma ɗaukar hoto ko goge shi na yin hakan cikin ƙiftawar ido. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: su canja saiti, su ga ya nuna FALSE, su ɗauka an gama, alhali tsohuwar rajista na nan tana aiki.

Abin da za ka biya, da abin da ba za ka samu ba

Daren farko bayan sakewa zai yi tsawo, domin dole a karanta kowane bulo. Idan 'yan haya 20 gare ka, kada ka sake musu rajista a dare ɗaya, faifan sabar zai yi nauyi har ma'aikatan safe su zo su tarar komai na jan ƙafa. Ka raba su kashi-kashi. Ka kuma duba dizal da batir tun da rana, don idan wuta ta yanke a tsakiyar aikin, ka koma gidan jiya. Wasu manhajojin suna karanta faifan duka amma su kwatanta da abin da ke ajiye, su tura bambancin kawai, saboda haka lokaci ne zai ƙaru, ba lallai wurin ajiya ya cika ba.

Ga kuma maganar da aka fi mantawa. Sake rajista yana gyara gobe ne kawai. Kwafin da aka riga aka yi da jerin ƙarya suna nan da raminsu. Haka shi ma faci: ya toshe hanyar sabon kuskure, amma bai san bulon da aka tsallake a watan jiya ba. Shi ya sa tsarin yake hawa uku, faci, sake rajista, cikakken kwafi, kuma ba a barin ɗaya.

A kan cikakken kwafin ma akwai tarko. Manhajojin zamani suna iya haɗa “cikakke” a cikin ma'ajiya, su ɗauki tsohon cikakken kwafi su ɗora masa canje-canjen mako, ba tare da sun koma sabar ba. Dabara ce mai kyau don rage wahala, amma ka ga ai lissafin allo ne aka tattara aka sake rubutawa da kyakkyawan rubutu. Idan da rami a ciki, ramin ya bi. Wanda kake buƙata bayan sakewa shi ne wanda ya koma ya karanta ainihin faifai. Ko shi ɗin ma, yawanci yana tambayar rajista wane bulo ne ke ɗauke da bayanai don ya tsallake fanko, kuma daidai wannan tambayar ce matsalar 2014 ta ɓata. Saboda haka a sake rajista tukuna, sannan a yi cikakken. Veeam ma tana da zaɓin da za ka kunna don ta riƙa sake rajista da kanta duk lokacin da za ta yi irin wannan kwafi.

Yaushe ya kamata ka sake? Idan gargaɗin CBT ya nace. Idan ka ƙara girman faifai a tsohuwar ESXi da ba a yi wa faci ba, irin waɗanda har yanzu ake samu a ofisoshin da suka sayi saba ta hannu suka bar ta yadda ta zo. Bayan ka koma tsohon hoto. Bayan facin da ya shafi rajistar. Haka nan idan girman kwafin dare ya canja ba dalili, musamman idan ya ragu ƙwarai alhali aiki bai ragu ba. Amma kada ka mayar da shi shan shayi, kullum kana gogewa, domin ka zubar da amfanin rajistar kenan.

Ba VMware kaɗai ba

Tun da Broadcom ya canja tsarin lasisi zuwa biyan kuɗi na shekara-shekara, ga kuma yadda dala ta yi, ƙananan ofisoshi da yawa suna duban wasu masu gidan. Ka sani duk inda ka koma, allon yana can da wani suna. Microsoft ta sa nata a Hyper-V tun daga Windows Server 2016, ana ce masa RCT, yana ajiye lissafi a ƙwaƙwalwa da kuma fayiloli biyu, .rct da .mrt, domin ya jure faɗuwar wuta. Proxmox kuwa, wanda manhajar ajiyarsa ta fito a Nuwamba 2020, yana riƙe taswirar canjin ne a ƙwaƙwalwa muddin 'yar haya na kunne. Da an kashe ta taswirar ta tafi, kwafi na gaba sai ya karanta faifan duka. Ga mai zama inda wuta ke yawan yankewa, wannan abin sakawa ne a lissafi tun kafin a yi ƙaura.

Gani ya kori ji

Mu koma asibitinka na Barnawa. Me zai hana abin da ya same ka? Koriyar alama tana nufin manhaja ta kwafi abin da aka ce ta kwafa. Ba ta ce abin da aka ajiye zai tashi ba. Hanya ɗaya ce ta sanin hakan: ka dawo da shi ka gani.

A ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure. Da suka juya ga ajiya, sai suka tarar a cikin hanyoyi biyar da suka tanada babu wadda ke aiki yadda suka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuma suka tafi. Matsalarsu ba ta rajistar canji ba ce, amma ciwon ɗaya ne: ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba. Su ma ƙwararru ne, ba 'yan koyo ba.

Saboda haka ka ware rana ɗaya a wata. Ka ɗauki kwafin daren jiya, ka tayar da shi a keɓe inda ba zai haɗu da na aiki ba. Kada ka tsaya a ganin Windows ta buɗe. Ka shiga rumbun bayanan, ka sa shi ya binciki lafiyar kansa, ka nemo katin wani da aka rubuta jiya da yamma ka ga ko yana nan. Ka rubuta minti nawa abin ya ɗauka, domin ranar da ta ɓaci tambayar farko da shugabanka zai yi ita ce, “Yaushe za mu dawo aiki?” Ka riƙa yin cikakken kwafi na gaske lokaci-lokaci, ka kuma ajiye tsofaffi, don idan na kusa sun lalace ka samu inda za ka ja da baya. Tsohuwar ƙa'idar nan ta 3-2-1 har yanzu tana aiki: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wanda ya ga yadda Kogin Kaduna ke cika ya shiga gidaje da damina ya san dalilin da bai kamata kwafi na ukun ya kwana a gini ɗaya da sabar ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa, ba daga sata kaɗai ba.

Idan kuma kai ba ma'aikacin kwamfuta ba ne, kai ne mai asibitin ko shugaban makarantar ko manajan kamfanin, ba sai ka san mene ne ctkEnabled ba. Gobe da safe ka kira mai kula da sabarku, ka bar tambayarsa ko ana yin bakof, don zai ce ana yi, kuma gaskiya ya faɗa. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya dawo da ajiyar ya buɗe ta da idonsa. Idan ya fara sosa ƙeya, ku sa rana a makon nan, ka kuma ba shi dizal ɗin da aikin zai ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.